Rafin Guza: Gyaran motar gudu a ƙofar gida, tsakanin sauƙin aljihu da asarar inji

Da safiyar Asabar, kafin rana ta yi zafi, wanda ya shiga layukan Rafin Guza ta ɓangaren Kawo ba wuya ya ci karo da motar da aka ɗaga wa bonet a ƙofar gida. An shimfiɗa kwali a ƙasa, an jera sifanu a kai, an jingina waya da gilashin gaba tana nuna bidiyon wani bakanike na wata ƙasa yana kwance inji irin wannan. Mai motar ne da kansa a duƙe, ƙanensa na haska masa tocila, yaran layi sun kewaye su suna kallo.

Sau da yawa irin ƙananan motocin gudun nan ne da matasa ke so: Marsandi C230 Kompressor mai ƙofa biyu, ko BMW ƙirar E36 da E46, ko Golf GTI, ko Honda Accord mai ƙofa biyu. Motoci ne da suka yi shekara da shekaru suna yawo a Turai ko Amurka kafin su shigo ta Legas ko Kwatano. Sayensu na da sauƙi idan aka kwatanta da sabuwa. Riƙonsu shi ne aiki.

Koken masu su kusan iri ɗaya ne. Mota tana rawa a silo, tana mis idan aka taka totur, tana jan lokaci kafin ta tashi da safe, ga fitilar cek injin ta kama ta ƙi mutuwa. Waɗannan alamomi galibi daga ɗayan wurare biyu suke fitowa: ɓangaren wutar da ke kunna mai, ko ɓangaren kamshaf. A wajen direba duk ɗaya suke. Amma ɗaya aikin rabin sa'a ne da sifana, ɗayan kuma kuskure kaɗan a cikinsa na iya kai mutum ga sayen wani injin. Sanin wanne ne wanne shi ne abin da ke raba mai gyaran gida da ya ci riba da wanda ya yi asara.

Daga Fijo zuwa mota mai ƙwaƙwalwa

Kaduna ba baƙuwar mota ba ce. Tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, kuma Fijo 504 ta zama motar ma'aikaci da ɗan kasuwa da direban tasha tsawon shekaru. Kanikawan da suka koyi aiki a wancan zamani sun tashi ne da kafireto da distiribita da kontak. Idan Fijo ta ƙi tashi, a goge kontak, a wanke fulogi da fetur, a ɗan juya distiribita ana sauraron kukan inji har ya daidaita. Kunne da hannu su ne kayan aiki, kuma magidanta da yawa sun iya wannan a gida.

Motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau sun bar wannan tsari. Babu distiribitar da za a juya. Wata 'yar kwamfuta, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ke yanke lokacin da kowane fulogi zai ba da wuta da yawan man da kowane nozul zai fesa. Tana yin haka ne da labarin da sensoci ke kawo mata. Kunne kaɗai ya daina isa.

A gefe guda kuma aljihu ya matse. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce naira 1,000 a 2024. Dala da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta zarce 1,500 a farkon 2024. Kayan gyaran Marsandi da BMW kuwa duk daga waje suke zuwa.

Sai kuma wata ɗabi'a da masu mota suka daɗe suna kuka da ita a wasu gareji, wato gyaran gwaji: a sayo fulogi, bai yi ba, a sayo kwayil, bai yi ba, a wanke nozul, a canza famfon mai, daga ƙarshe a ce birenbos ne. Kowane gwaji mai mota ne ke biya. Wannan ya sa da yawa suka ce gara su buɗe bonet da kansu.

Wuta da lokaci

Injin fetur na aiki ne da matakai huɗu. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta su tura fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Abu biyu ne dole su zo a kan lokaci: tartsatsin, da buɗewa da rufewar bawul.

Tartsatsi aikin kwayil ne. Yana karɓar volt 12 na batir ya ninka shi zuwa sama da volt 20,000 domin wuta ta tsallake ɗan gibin da ke bakin fulogi. A motocin yanzu kowane fulogi da kwayil ɗinsa a kansa. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kowane kwayil na harba wuta sau 25 a daƙiƙa ɗaya, a cikin zafin inji. Ba abin mamaki ba ne su gaji. Ko a Amurka, a farkon 2003, sai da kamfanonin Volkswagen da Audi suka ɗauki nauyin canza kwayil a motoci sama da rabin miliyan saboda yawan mutuwarsu.

Bawul kuwa aikin kamshaf ne. Sandar ƙarfe ce mai ƙusoshi a jikinta, tana kwance a saman inji, tana juyawa tana danna kowane bawul a lokacinsa. Sarƙa ko bel ce ke haɗa ta da karanshaf da ke ƙasa, kuma ƙa'idar ba ta canzawa: karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf sau ɗaya. Kowannensu na da sensa da ke shaida wa birenbos inda yake.

Motocin gudu sun ƙara wani abu a kai. Suna iya ɗan gaggauta kamshaf ko jinkirta shi yayin tafiya, domin a samu ƙarfi a gudu da sauƙin shan mai a hankali. BMW na kiran nata tsarin VANOS, ta fara shi a 1992. Toyota na kiran nata VVT-i. Honda na da VTC a injinan Accord. Sunaye daban, amma dukkansu da ƙarfin baƙin mai suke motsa kamshaf, ta hanyar wani ɗan bawul mai aiki da wuta da ake kira solonoyid. Wannan ne ya sa matsalar da ke kama da ta lantarki wani lokaci asalinta baƙin mai ne.

Ruwa, ƙura da baƙin mai

Rafin Guza, da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, a gaɓar Kogin Kaduna take. Idan damina ta yi nisa a Agusta da Satumba aka fara lissafa unguwannin da ambaliya ke shafa a birnin, sunanta na yawan fitowa tare da Kigo Road da Bashama Road. Motar gudu kuma cikinta kusa da ƙasa yake, wasu ma an ƙara sauke su don ado. Kududdufin da Hilux za ta ratsa ba ta ji ba, ita zai iya kai mata har bakin inji.

Ruwa na yin ɓarna iri biyu. Ƙarama ita ce ya shiga soket ɗin sensa ko ramin fulogi, wuta ta riƙa bin ruwa tana guduwa maimakon ta isa fulogi. Ko wankin inji da injin feshi a wajen wankin mota na jawo wannan, shi ya sa ake ganin mota lafiya lau ta shiga wanki ta fito tana mis.

Babbar ɓarnar ita ce inji ya zuƙi ruwa ta hanyar iska. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka fistin na bugunsa sai sandarsa ta lanƙwashe. Motar da ta mutu a cikin ruwa ba a sake murza mata makulli. A tura ta waje, a duba matatar iska. Idan ta jiƙe, a cire kwayil da fulogi duka kafin a juya inji, ruwan ya fito ta ramukan, sannan a yi juye.

Da rani kuma ƙurar hunturu ce. Tana taruwa a kewayen ramin fulogi, kuma duk wanda ya kwance fulogi bai hure wurin ba, da hannunsa ya zuba yashi cikin silinda.

Mai ma na da nasa laifin. A Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da shigowar fetur mai yawan sinadarin methanol daga Antwerp ta Beljiyam, kuma masu motoci da dama sun koka da lalacewar injinansu. Man galan na bakin titi, wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba, na iya sa mota mis alhali kwayil da fulogi ba su da laifin komai.

Amma babban abokin gabar kamshaf shi ne baƙin mai. An saba a nan da zuba mai kauri, 20W-50, wa kowace mota, da hujjar cewa ƙasarmu da zafi. Injinan da ke motsa kamshaf da mai an ƙera su ne da ƙananan hanyoyi da 'yan rariyoyi, kuma galibi 5W-30 ko 5W-40 masu ƙera su suka rubuta. Mai kauri, ko na jabu, ko wanda ya daɗe ba a juye ba, yana jinkirin kaiwa sama da safe, yana barin datti da ke toshe solonoyid, yana kuma cin sarƙa a hankali.

A tambayi mota kafin a tafi kasuwa

Hausawa na cewa mai tambaya ba ya ɓata, kuma motar zamani tana amsa tambaya. Tun 1996 doka ta wajabta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta zo da wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, ta tsarin OBD-II. Turai ta bi sahu ga motocin fetur a 2001. Ta nan ake sa mota a kwamfuta. Tsofaffin BMW da Marsandi da suka girmi wannan lokaci suna da tasu kafar mai zagaye a cikin bonet, sai da mahaɗi na musamman.

A yau ƙaramar sikana irin ELM327, wadda ke magana da waya ta Bluetooth, kuɗinta bai kai na cika tanki ɗaya ba. Ba ta ganin komai da komai kamar kwamfutar gareji, amma tana karanta lambobin inji, kuma su ake buƙata a nan:

P0301 zuwa P0306: silinda ta ɗaya zuwa ta shida na mis, lambar ƙarshe ita ce silindar.

P0300: mis ɗin na yawo tsakanin silindu, ba a wuri ɗaya yake ba.

P0335: layin sensar karanshaf.

P0340: layin sensar kamshaf.

P0011: kamshaf bai je inda birenbos ta umarce shi ba.

P0016 da P0017: lokacin kamshaf da na karanshaf sun saɓa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar lamba a matsayin takardar sayayya. P0340 ba ta ce sensa ta mutu ba, cewa ta yi labarin sensa ba ya isowa daidai. Wayar da ɓera ya ci, ko soket mai tsatsa, ko batir mai rauni, kowanne na iya haifar da ita. Don haka masu lura ke fara gwada batir, su rubuta lambobin a takarda, su goge, su tuƙa motar kaɗan, su ga wacce ta dawo.

Akwai kuma bambanci tsakanin fitilar cek injin da ta tsaya cak da wadda ke ƙiftawa. Mai ƙiftawa na nufin ɗanyen fetur na wucewa cikin salansa yana ƙona katalis, abin da kanikawa ke kira indomi. Mota a wannan hali ajiye ta ake yi, domin kuɗin indomi ya ninka na kwayil sau da yawa.

Aikin da ya dace da ƙofar gida

A ɗauki misalin Marsandi C230 Kompressor mai injin M271, lita 1.8, silinda huɗu. Tana rawa a silo, sikana ta nuna P0302.

Ba sai an sayi komai ba tukuna. A bar inji ya huce, a cire kwayil na biyu a musanya shi da na uku, a goge lamba, a tayar. Idan lamba ta koma P0303, laifin ya bi kwayil, shi ne mai matsala. Idan ta zauna a P0302, sai a musanya fulogi haka nan. Idan har yanzu ba ta motsa ba, an wanke kwayil da fulogi daga zargi, saura nozul ko waya ko ƙarfin matsi na silindar. Gwajin minti ashirin ne, kuma kyauta.

Fulogin da aka ciro shi ma yana ba da labari. Mai launin toka-toka ko ƙasa-ƙasa lafiyarsa ƙalau. Baƙi mai busasshen kunkunniya na nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Wanda ya jiƙe da baƙin mai a bakinsa na nuna inji na shan mai. Idan kuma man a cikin ramin fulogi ya taru, ya jiƙa robar kwayil, to gaskit ɗin murfin saman inji ne ke yoyo, kuma sabon kwayil ma mutuwa zai yi muddin ba a canza shi ba.

Wurin mayar da fulogi ne mutane ke yi wa kansu illa. Kan injin na alminiyam ne, ya fi fulogi taushi. Da hannu ake fara ɗaura shi har ya shige sumul, sannan a sa sifana, kuma a tsaya a ƙarfin da littafin mota ya faɗa. Wanda ya tilasta shi a karkace ya cinye zaren ramin, aikin rabin sa'a ya koma na kwana biyu.

Fulogin jan ƙarfe na yin kimanin kilomita 30,000, na iridiyam kan kai 100,000. Ana canza su ne gaba ɗaya, kuma da lambar da aka rubuta wa injin, ba duk wanda ya shiga rami ba.

Sensa da solonoyid ma suna cikin abin da mai natsuwa zai iya. Sensar kamshaf galibi noti ɗaya ke riƙe da ita, da waya uku: ta wuta, ta ƙasa, da ta saƙo. Mitar awon wuta za ta nuna ko wuta na isowa soket kafin a zargi sensar. Sensar karanshaf kuma akwai alamar da aka san ta da ita a Marsandi: mota ta mutu idan ta yi zafi, ta ƙi tashi, bayan ta huce ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Injin M271 na da wata cuta da aka san shi da ita a duk duniya. Maganaɗisun da ke gaban kamshaf kan yi yoyon mai ta cikin soket ɗinsu, man ya bi cikin wayoyi a hankali har ya isa sensocin salansa, wani lokaci har birenbos. Cire soket a leƙa ko da mai a ciki ba ya ɗaukar minti ɗaya. Idan an gani da wuri, a canza maganaɗisun, a sa ɗan mahaɗin waya da aka ƙera don tare man. Idan an bari, asarar kan wuce nan.

A BMW mai injin M52TU ko M54, robobin cikin VANOS ne ke taurara da shekaru, mota ta rasa ƙarfi a ƙasa tana tangal-tangal da sanyin safiya. A Honda da Toyota, sau da yawa juye da man da ya dace da wanke 'yar rariyar solonoyid kan kashe P0011.

Inda ya kamata a ajiye sifana

A koma ga Marsandin nan. A ce wannan karon lambar P0016 ce, an yi juye, an duba solonoyid da sensa, ta dawo. Da safe kuma idan aka tayar ana jin wani kwaram-kwaram na 'yan daƙiƙu daga gaban inji kafin ya lafa. Wannan ba kukan fulogi ba ne. Sarƙar taimin ce ta saki, ko haƙoran giyar kamshaf sun cinye. Sarƙar M271 siririya ce mai layi ɗaya, kuma an san ta da wannan. Wasu Accord ma na yin irin wannan ƙara daga giyar VTC.

Hatsarin a nan yake: a waɗannan injina, fistin da bawul wuri ɗaya suke amfani da shi, lokaci ne kawai ke raba su. Idan sarƙa ta tsallake haƙori ɗaya, mota za ta yi rauni. Idan ta tsallake da yawa, fistin zai bugi bawul a buɗe, su lanƙwashe a cikin ƙiftawar ido. Daga nan sai sauke kan inji, ko neman wani injin a kasuwa.

Canza sarƙa na buƙatar ƙarafan da ke kulle kamshaf da karanshaf a wurinsu, da sifanar awon ƙarfi, da sanin alamomin taimin na wannan inji takamaimai. Bidiyon waya ba ya nuna abin da za a yi idan noti ya karye a ciki ko sarƙa ta faɗa ƙasan inji. Ko ƙwararru, bayan sun gama, sai sun juya inji da hannu zagaye biyu sun sake duba alamomi kafin su taɓa makulli. Wanda ya tsallake wannan mataki shi ne ake cewa garin gyaran gira ya rasa ido.

Amfanin mai gyaran gida a wannan mataki shi ne ya isa gareji da bayani a hannu: ga lambobin, ga abin da aka gwada, ga lokacin da ƙarar ke fitowa. Mai irin wannan bayani ba a cika yi masa gyaran gwaji ba. Bakanike nagari ma daɗinsa yake ji, don an rage masa rabin aiki. Kuma a Kaduna ba a rasa masu hannu ba. Cibiyar horaswa ta kamfanin PAN ta daɗe tana koyar da gyaran motocin zamani, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta haɗa kai da masu sana'a na Panteka domin ba su shaidar ƙwarewa.

Tarkon kasuwa

Gano matsala rabin tafiya ne, saura samun kaya nagari. A Panteka da Ori-Apata, inda mutanen Kaduna ke neman kayan mota, abu ɗaya kan zo kala uku: sabo na asali, sabo na kwaikwayo, da ɗan Beljiyam da aka ciro daga wata motar. Kwalin na kwaikwayo kan yi kyau har ya fi na asali. Kamfanonin fulogi irin su NGK da Denso sun sha gargaɗi kan jabun kayansu da ke yawo a kasuwannin duniya. Fulogin jabu bakinsa na iya narkewa ko ya guntule cikin silinda.

Sensa ta fi kowanne tsada a jabunta, ba don kuɗinta ba, sai don ruɗin da take jawowa. An sa sabuwa, lamba ta dawo, mai mota ya ce ashe ba sensa ba ce, ya shiga canza abubuwan da lafiyarsu ƙalau. Masu wayo kan tafi kasuwa da tsohon kayan a hannu, su daidaita lambar da ke jikinsa, su kuma yi yarjejeniyar dawowa da shi idan bai yi ba. Araha ba ta ado, balle a cikin inji.

Rai ya fi mota

Akwai asarar da ta fi ta inji. Hayaƙin salansa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, irin wadda ke kashe iyalai a ɗakin da aka kwana da janareta. Ba a barin mota tana aiki a rufaffen gareji ko soron gida. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Fankar lagireto na iya tashi da kanta ko da an kashe mota. Gwada tartsatsi a fili kusa da galan ɗin fetur, ko bayan an buɗe bututun mai, neman gobara ne. Wutar kwayil kuma ba a gwada ta da hannu.

Gwajin bayan gyara ma na da wurinsa. Layukan unguwa cike suke da yara da 'yan makaranta da masu Keke Napep. Tafiya a hankali ta 'yan kilomita ta fi dacewa, kuma sikana za ta faɗi gaskiya fiye da kukan salansa.

Sai tsohon baƙin mai. Wanda aka zuba a kwata a Rafin Guza, ruwan sama na farko zai kai shi Kogin Kaduna, kogin da matatar ruwa ta Malali ke ɗiba daga cikinsa, da masu lambun bakin rafi. Zuba shi a galan a kai wa masu juye bai fi aikin minti biyar ba.

Idan la'asar ta yi, wasu bonet ɗin za su rufe, inji na kuka sumul, mai mota ya wanke hannu da fetur da omo ya yi shirin masallaci, kuɗin da zai kashe a gwaji yana aljihunsa. Wasu kuma za a ga an ɗaura wa motar igiya ana jan ta zuwa gareji. A cikin waɗannan ma akwai kashi biyu: wanda ya ji kwaram-kwaram ya karanta lamba ya ajiye sifana da kansa, sarƙa kawai zai saya, da wanda ya ce bari ya ƙara murza makulli sau ɗaya.